Ragowar Gurasar Usta Garib

Daga jirgin Zahrat Manzala,
a bakin tashar Jidda,
ranar Talata.

Zuwa ga matata Ihsan,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Hazim da Widad. Yaya tarin Widad, ya sake ta? Yaya Mama da ciwon ƙafarta, da agwaginta na saman soro? Ni da Baba lafiyarmu ƙalau, sai gajiyar zaman jira.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali jiya muka yi waya. Dalili shi ne wayar ba ta kamawa sai a bayan jirgi, daidai ƙofar kicin ɗin mahaifinki, babban kukunmu Usta Garib. Duk abin da na faɗa miki yana ji, wani lokacin har ya leƙo ya gyara min. Maganar yau kuwa a kansa take. Zan ba wakilin kamfani takardar idan ya zo da kwalekwalensa, ya ɗauki hotonta ya turo miki.

Har yanzu ba a ba mu wurin sauke simintinmu ba. Mun jefa anga muna kallon fitilun gari, jirage gabanmu da bayanmu, kowa na jiran a kira sunansa. Kullum wakili cewa yake gobe. Zafi ya kashe wa kowa marmarin abinci, ni kuma na kasa zama wuri ɗaya. Na sa an yi wa ƙarfen da ba ya buƙatar fenti fenti, na zagaya jirgin nan har ma'aikata sun fara ɓuya in sun ji takuna.

Kin san halin Baba da gurasa. Kullum bayan sallar asuba sai ya tattara ragowar jiya, ya tsaya a bayan jirgi yana gutsurawa yana jefa wa kifi. Tun kafin a haife ki haka yake yi. To jiya kwalekwalen masu sintiri ya wuce, suka gan shi, suka kira Kyaftin Milad ta rediyo. Doka ta ce ba a zubar da ragowar abinci a teku sai jirgi yana tafiya kuma ya yi nisa da gaɓa. Wanda ke tsaye irinmu sai dai ya tara, masu kwashe shara su zo su ɗauka. Gargaɗi suka yi wannan karon. Kyaftin ya kira ni ya ce: "Cif, surukinka ne, kai ka kawo shi. Je ka faɗa masa."

Gaskiyarsa kuwa. Ni ne Cif, wato mataimakinsa, shara da kayan ceto duk a wuyana suke. Ni ne kuma na roƙi kamfani su ƙara wa Baba wannan tafiyar bayan sun ce ya tsufa, saboda abin da kika san yana jira: ranar da za mu shiga garinmu Bur Sa'id a busa masa ƙahon jirgi, yadda ake yi wa duk wanda ya gama aikin teku da mutuncinsa, yana tsaye da farar hularsa, ku kuna bakin fito kuna ɗaga masa hannu.

Sai da na zagaya kicin ɗin kamar mai neman allura kafin na shiga. Na ce, "Baba, akwai 'yar magana."

Ya ce, "Cif ne ke magana ko mijin Ihsan? Don in san ko in miƙe tsaye."

Na faɗa masa dokar, ina kallon tukunya. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kifin ne ya kai ƙara?"

Na ce a riƙa zubawa a gangar shara. Ya ajiye ludayi. "Gurasa? Tare da guntun sigari da tsumman baƙin mai? Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, in ka ga gurasa a ƙasa me ta koya maka?" Na ce in ɗauka, in sumbata, in kai goshi, in ajiye gefe. Ya ce, "To ashe ka sani."

Na ce to ya rage yawan da yake gasawa, tunda mutane ba sa ci. Nan ne ya ɓata rai sosai. Wai mutum ya miƙa hannu a teburin Usta Garib ya tarar da kwando wayam? Ba a tafiyarsa ta ƙarshe ba.

Yau da asuba bai fito bayan jirgi ba. Kifayen sun taru, na gan su. Ya kamata hankalina ya kwanta, amma bai kwanta ba, don kin fi ni sanin mahaifinki ba ya sakin magana da sauƙi haka.

Ki gaida Mama, ki sumbatar min yara. Kada ki nuna masa na rubuto.

Mijinki mai kewarki,
Ra'fat.

Bakin tashar Jidda,
ranar Asabar.

Ihsan,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ji daɗi da tarin Widad ya lafa. Na karanta amsarki, na kuma ga inda kika yi min dariya. Ki yi, ke ba a cikin ganga kike zaune da mahaifin matarki ba.

Muna nan dai inda muke. Wakili ya daina cewa gobe, yanzu in sha Allah kawai yake cewa, wanda ya fi tayar min da hankali.

Ga abin da ya biyo baya. Baba ya koma yi mana fatta da ragowar gurasar, ya jiƙa ta da romo, ya zuba shinkafa da tafarnuwa. Ranar farko har lasar yatsa aka yi. Sai ga fatta da rana, fatta da yamma, washegari fatta da madara da sukari a matsayin karin kumallo. Daga ƙarshe shugaban ma'aikata ya leƙa kicin ya ce, "Usta, don Allah wa ya mutu? Kullum muna cin abincin sadaka." Baba ya kore shi da ludayi, amma fatta ta tsaya.

Fatta ta tsaya, ba a jefa wa kifi, gangar shara kuma na duba ta da hannuna, babu ko ɓarɓashi. To ina gurasar take zuwa? Na kasa cin abinci da tunanin nan. Na leƙa ɗakin sanyi, na leƙa ma'ajiyar fenti da ta igiyoyi. Ɗakin kwanansa ne kawai ban shiga ba, don ƙafata ba za ta iya ba.

Yau na samu amsa. Duk mako doka ta ce a hau kwalekwalen ceto a tayar da injinsa. Ƙaramin jami'inmu ke yi, amma zazzaɓi ya kwantar da shi, sai na hau da kaina. Ina buɗe ƙofar ƙamshin gidan gurasa ya buge ni. A ƙarƙashin kujerun da mutane za su zauna in jirgi na nitsewa, buhunan fulawa ne cike da busasshiyar gurasa, an ɗinke bakinsu tsaf da irin ɗinkin Baba. Ya zaɓi wurin ne don ya fi ko'ina bushewa, kuma ba mai shiga.

Injin ya tashi lafiya. Na tsaya a ciki ina gumi, ban san iya tsawon lokacin ba. A ƙasa na ga wasu baƙaƙen 'yan ƙwayoyi, na ce wa kaina ƙonannen ɓarɓashi ne. Na rufe ƙofa na sauko.

Yana tsaye a ƙofar kicin yana goge hannu. Ya kalle ni, na kalli takalmina. Da rana ya ɗora min cinyar kaza mafi girma, ya ce a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Akwai wani ɗan Sudan mai awaki a bayan tashar, na san shi tun da daɗewa. Ranar da muka shiga zai zo da amalanke."

Ihsan, da wani ne ya yi wannan, da kafin la'asar buhunan suna cikin shara, shi kuma yana gaban Kyaftin. Na san abin da ya kamata in yi. Kwalekwalen ceto ba rumbu ba ne. Amma in na kai magana, a nan tafiyarsa za ta ƙare, kuma ni zan zama mutumin da ya sa aka kori uban matarsa. In na kwashe da kaina na zuba a shara, ba zai ƙara kallon idona ba. Na yanke shawarar in jira mu shiga tasha, mai awaki ya zo, magana ta mutu. Ina ta gaya wa kaina 'yan kwanaki ne kawai.

Duk da haka da na ji ƙarar wani abu sai in waiga wajen kwalekwalen. Ki yi mana addu'a a kira sunanmu da wuri.

Naki,
Ra'fat.

Tashar Jidda,
ranar Alhamis.

Matata,

Ina gaishe ki, ina fata ku duka lafiya. Mu ma lafiyar jiki muna da ita. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba, kuma kada ki karanta a gaban Mama.

An kira mu jiya da hantsi. Ba mu gama ɗaure igiya ba sufeton duba jirage ya hawo, tun kafin mai awaki ya ji labarin mun iso. Mutum ne mai fara'a, bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Ya duba bututun kashe gobara, ya duba gangunan shara ya yaba da tsaftarsu, har ya ce kicin ɗinmu ya fi na gidansa. Sai ya ɗaga kai ya ce a buɗe masa kwalekwalen ceto.

Ni na buɗe. Ɓera ne ya fara fitowa, ya bi ta kan takalmin sufeton. An farfasa buhunan, gurasa ta watsu ko'ina. Ya ce, "Tayar min da injin." Na murɗa, shiru. Na sake, shiru. Da muka ɗaga murfin muka tarar ɓeraye sun cinye wayoyin. Sun huhhuda ledojin ruwan sha da aka tanada don ranar masifa, sun shiga abincin ma. Da alama tun wurin lodi suka shigo jirgin, gurasar ce ta nuna musu gida.

Sufeton ya tambaye ni ko duk mutanen jirgin nan a ciki za su shiga in wuta ta tashi. Na ce e. Wani guntun gurasa ya faɗo kusa da ƙafarsa, sai ya sunkuya ya ɗauka, ya sumbata, ya kai goshi, ya ajiye shi a gefe. Sannan ya zaro biro ya rubuta cewa an tsare jirgin har sai an gyara.

Tun lokacin abu ɗaya ke yawo a kaina. Muna tsaye a tsakanin jiragen mai duk kwanakin nan. Da wani abu ya faru, da mun cika kwalekwalen da ba ya motsi, ba ruwan sha, kuma da kin rasa uba da miji a yini ɗaya. Na ga kashin ɓeran nan da idona, Ihsan, na kira shi ɓarɓashi.

Kyaftin Milad ya kira mu ofishinsa, ni da Baba. Sun yi shekaru suna tafiya tare, a azumin Kyaftin na Kirista Baba ke dafa masa wake da man zaitun daban. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce kamfani na kan waya suna son sunan wanda ya yi, kuma wanda aka ambata a nan zai sauka. Baba ya cire hularsa ya ce wa Kyaftin, "Ni ne, Rayyis. Ni na ɗinka, ni na hau da su."

Kyaftin ya juyo gare ni. "Cif, ka sani?"

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai Baba ya daka min tsawa, abin da bai taɓa yi ba tun ranar da na zo neman aurenki. "Rufe min baki, babba na magana. Ina zai sani? Wannan da ko gishiri bai san inda nake ajiyewa ba." Kunyar da ta rufe min baki ranar Asabar ita ta sake rufe shi. Na tsaya kamar gunki har aka sallame mu.

Da muka fito na bi shi kicin. Na ce, "Baba, ba daidai ba ne." Ya ce, "Kai kana da shekaru a gabanka da 'ya'ya biyu, ni ƙaho kawai na rasa. Matsa min, albasata na ƙonewa."

Ƙaho kawai, in ji shi.

Ban san me zan yi ba. Na zauna, na tashi, na sake zama. Zan rubuto da zarar na san ranar da zai taso.

Ra'fat.

Tashar Jidda,
ranar Lahadi.

Zuwa ga Ihsan, uwar Hazim,

Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya, ina sanar da ke Baba ya bar jirgi yau da safe. Jirgin sama zai kai shi Alƙahira, daga nan ya hau mota, kafin magariba gobe yana gida in sha Allah. Ki shirya Mama tun yanzu. Kada kowa ya tambaye shi komai, ku bar shi ya yi wanka ya ci abinci.

Na je na faɗa wa Kyaftin gaskiya ranar Juma'a. Ya ce tun a fuskata ya gani. Ya ce, "In kana so ka rubuta, in aika, su kore ku ku biyu, tsohon ya sha kunyarsa a banza. Zaɓi naka ne." Ban rubuta ba. Ya ce to maganar da muka taɓa yi ta ya ba da sunana a naɗa ni kyaftin bana, in manta da ita, don wanda ya ga ɓarna a kwalekwalen ceto ya rufe ƙofa bai isa riƙe rayukan mutane ba tukuna. Ban yi musu ba, gaskiya ya faɗa.

Mai awakin ya zo da amalankensa, amma jami'an lafiya sun ce abin da ɓera ya taɓa ba ya fita ƙofar tasha sai a motar shara. Na sa ma'aikata su kwashe, Baba ya hana kowa taɓawa. Shi ya riƙa saɓa buhunan ɗaya bayan ɗaya yana sauka da su tsani, da wannan bayan nasa. Na kama masa ƙarshen ɗaya, bai hana ni ba. A bakin motar ya tsaya yana kallon abin da ke cikinta, tsummoki da gwangwanaye da ruɓaɓɓen kabeji. Ya shimfiɗa wani kwali mai tsabta tukuna, sannan ya ɗora buhunan a kai. Leɓɓansa na motsi, ina jin gafara yake nema.

Da zai tafi ma'aikata sun jeru a bakin tsani. Shugabansu, mai ƙorafin fatta, shi ya fi kowa kuka. Baba ya ce masa, "Share hancinka, gobe za ka ci gurasar leda ka san ka yi rashi." Ni ya miƙa min makullin ma'ajiyar abinci, ya ce, "Ra'fat, ɗana, ka riƙa duba kwalekwalen nan da kanka." Tunda muka hau jirgin nan bai kira ni da sunana ba sai yau. Ya sauka da akwatinsa, hularsa a naɗe cikin aljihu, bai waiwayo ba.

An sauya wayoyin, an kawo sabon ruwa da abinci, an yi wa jirgin feshi. Gobe sufeto zai dawo, in ya gamsu mu gama sauke siminti mu kamo hanyar mashigin Suwes.

Ga roƙona. Na yi wa Kyaftin maganar ƙaho, ya ce ana busa wa wanda ke cikin jirgi ne, kuma ba a busa shi a mashigi don nishaɗi, doka ta hana. Sai ya ƙara da cewa amma in jirgin fito ya gitta gabanmu, dokar ce da kanta ta ce a busa masa gargaɗi. Ni kuwa ban taɓa wucewa ta Bur Sa'id fito bai gitta ba. Zan sanar da ke ranar. Ki kawo shi bakin ruwa, ke da yara da Mama. Zai ce ba ya zuwa, zai ce ƙafarsa, zai ce rana. Ki sa Widad ta ja shi, ita ba ya iya ce mata a'a. Ki lalubo hular a aljihunsa ki wanke ta, ki goge.

Ina kewarku ƙwarai. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Ra'fat.

Ƙari: kafin sabon kuku ya iso, gurasar leda wakili ke kawo mana daga gari. Yau bayan abincin rana na tarar da rabin ɗaya a kan tebur. Na ɗauka na nufi gangar shara, na tsaya. Na nufi bayan jirgi, na tsaya. Na daɗe riƙe da ita, daga ƙarshe na cinye, a ƙoshe. Da na juyo sai na ga shugaban ma'aikata yana bin sauran teburan yana yin haka shi ma. In kin gan ni da tumbi a bakin fito, kada ki tambaya.